Safiyar Lahadin da na tuƙa gokat a titunan Tokiyo

Yau kwana tara da dawowata daga Japan, kuma tun ranar da na koma shago a Ƙofar Ruwa ba wanda ya tambaye ni farashin inji ko yaushe kwantena za ta iso, kowa maganarsa ɗaya ce, wai wannan hoton da na ɗora a Facebook ina zaune cikin wata 'yar mota a ƙasa-ƙasa a tsakiyar titi, ga bas a gefena tayarta ta fi kaina tsawo, da gaske ne ko haɗawa aka yi. Da gaske ne wallahi. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi tun daga farko.

Ni dai yaron shago ne, shekarata goma sha ɗaya tare da maigidana Alhaji muna sayar da injina da giyabos da sauran kayan mota na hannu. A da ta hannun wasu muke saro kaya, bana Alhaji yace zai je ya gani da idonsa kuma da ni za a tafi tunda ni ke ɗan jin Turanci. Biza a Abuja muka nema, ofishin jakadancin Japan yana Maitama, takardar gayyata daga wanda za mu sayi kaya a wurinsa, takardar banki, hoto, jira, aka ba mu. Kafin mu baro Abuja Alhaji ya sa na yi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, yace ko za a buƙaci in riƙa jan mota tsakanin wuraren da ake yanka motoci. Ban ja motar kowa ba har muka dawo, amma wannan ɗan littafin shi ya buɗe min ƙofar abin da zan faɗa.

Daren da za mu tashi na shiga wajen Baba sallama. Mahaifina tsohon direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas ya yi shekara da shekaru, yanzu ido ya yi rauni yana gida. Da na gaya masa Japan za ni abin da ya fara tambaya shi ne ta wane hannu suke tuƙi, nace Baba ance ta hagu, sai ya gyara zama yace to irin namu na da kenan, ya shiga ba ni labarin canjin hannu na 1972 zamanin Gowon, yadda aka kwana ana bin hagu aka tashi ana bin dama, yadda ya yi sati yana magana da kansa a sitiyari yana cewa dama, dama, dama. Yace kai dai in ka hau titinsu kada ka yarda da hannunka, hannu yana da nasa tunanin. Na yi dariya a lokacin nace Baba ai ba tuƙi zan je yi ba.

Jirgin Habasha muka bi, Kano zuwa Adis Ababa, daga nan doguwar tafiya har Koriya ta Kudu inda ya ɗan yada zango, sannan Narita, filin jirgin saman Tokiyo, da daddare. Ba abin faɗa a ciki sai ciwon baya. A Narita aka ɗauki hoton fuska da zanen yatsu, sannan aka zo maganar kaya. Akwai wasu ƙananan karnuka masu dogon kunne da ke zagaya jakunkuna, kuma ko'ina an manna hoton nama an ja masa jan layi. Ni kuwa da kilishi a jakata, na dubu goma sha biyar, wanda Umma ta sa aka siyo min don kada in rasa abin ci. Ban tsaya ɓoye-ɓoye ba na kai shi teburinsu da kaina, suka karɓe cikin ladabi harda sunkuyawa, nama ko wane iri ba ya shiga ƙasar sai da takardar lafiya ta hukuma. Ya min ciwo saboda wadda ta siya, amma yajin da garin ƙuli-ƙulin sun wuce, su suka riƙe ni sati biyu.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan Gana ne haifaffen Zangon Kumasi, ya fi shekara ashirin a Japan, matarsa Bajapaniya, Hausarsa irin ta Zango wadda mace ma "ya zo" ake ce mata. Yaya nake kiransa don ya girme ni nesa. Ya kai mu Yashiyo, wani gari a jihar Saitama dab da Tokiyo, inda 'yan Pakistan suka yi kaka-gida a harkar tsofaffin motoci, akwai masallacinsu akwai gidajen abincinsu, nan muka samu biriyani da naman halal ba tare da fargaba ba. Ɗakin otal ɗinmu kuwa in ka shimfiɗa dadduma to ba sauran wurin taka ƙafa, yen 8,000 duk kwana, kuma a lokacin yen ɗaya wajen naira goma ne da ɗan ɗoriya, sai ka lissafa. Tsakaninmu da gida awa takwas ne, suna gabanmu, kwana uku na farko ƙarfe biyun dare idona biyu kamar mai gadi.

Kwanakin aiki ba zan ja su ba. Yadi bayan yadi, a tayar maka da inji kaji ƙararsa, a rubuta lamba da farin alli, a yanka gaban mota a ajiye. Motocinsu sitiyarin dama ne, ba a yarda a shigo da irinsu Najeriya ba, shi yasa mu inji da giya da ƙafafu kawai muke ɗauka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne injin da za su ce maka ya tsufa, a wajenmu sabo ne fil.

Ranar wata Alhamis muka shiga cikin Tokiyo canjin kuɗi, muna tsaye a bakin titi a unguwar Akihabara sai naji ƙara kamar an tayar da janareto shida lokaci guda, ina juyawa sai ga wasu 'yan motoci a jere, kowacce mutum ɗaya, ba rufi ba ƙofa, mazaunin kamar tafin hannu ɗaya tsakaninsa da kwalta, mutanen ciki sun sa kayan dabbobi masu launi suna ɗaga wa mutane hannu. Nace Yaya wannan fa, biki ake? Yace a'a baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, gokat ake ce mata, haya suke yi da ɗan jagora a gaba yana zagayawa da su gari. Yace doka tana kallonta a matsayin ƙaramar mota ce tunda injinta bai wuce cc 50 ba, tana da lamba da sigina da madubi, don haka duk mai lasin da aka yarda da shi zai iya hawa titi da ita. Ya kuma ba ni labarin cewa da can kayan 'yan wasan Mario na bidiyo gem suke sawa, har kamfanin Nintendo mai wasan ya kai ɗaya daga masu hayar kotu a 2017, aka yi ta shari'a zuwa 2020 aka ce su biya yen miliyan 50, tun daga nan aka koma kayan damisa da zomo da makamantansu.

Ni mutum ne mai son inji, tun ina yaro. Daren nan ban yi barci da wuri ba ina ta dubawa a waya. Da safe na samu Alhaji nace ranka ya daɗe ina neman alfarmar safiyar Lahadi tunda yadi a rufe suke. Da yaji abin da zan yi da kuɗin da zan kashe, yen 15,000, ya dube ni ya daɗe sannan yace kai yanzu kuɗin buhun shinkafa biyu za ka ba wa wasan yara? Nace Alhaji daga guzurina ne. Yace to Allah ya tsare, amma ka bar min lambar Yayan naka da fasfo ɗinka a hoto. Yaya shi ya yi min rajista ta intanet, ya zaɓar min zagayen sassafe, yace da rana cunkoso da hayaƙi za su hana ni ganin komai, shi kuma ba zai hau ba, yace shekara da shekaru yana kallonsu bai taɓa sha'awa ba, dalilinsa sai daga baya na gane.

Lahadi na yi asuba wajen biyar saura kwata, farkon Nuwamba ne, sanyi irin na tsakiyar hunturun Kano amma mai laima ba mai busar da leɓe ba. Na kama jirgin ƙasa na biyar da wani abu zuwa Akihabara, na canza wani zuwa ɓangaren bakin teku. Cikin jirgin tsit, wasu na barci da kwat a jikinsu da alama tun daren jiya ba su koma gida ba. A wani kanti mai kwana buɗe na sayi dunƙulen shinkafa biyu masu kifi a ciki naɗe da baƙin ganyen teku, onigiri suke ce masa, shi ne abincin da na fi yarda da shi a can in ba a Yashiyo nake ba, don naman alade da giya suna shiga abincinsu ta inda ba ka zato. Sai kofi na gwangwani daga injin bakin hanya, mai jan rubutu a ƙasa shi ne mai zafi mai shuɗi mai sanyi, na riƙe gwangwanin a tafin hannu ina ɗumama yatsu har na isa.

Shagon wani gareji ne a ƙasan bene cikin lungu, gidajen mutane kewaye da shi. Mu tara muka taru amma bakwai muka hau. Wata budurwa ce ke duba takardu, ta karɓi fasfo, lasin gida, da na ƙasa da ƙasa, ta buɗe shi tana bin rubutun bangon da yatsa tana neman abu ɗaya, 1949. Japan ba ta karɓar lasin ƙasa da ƙasa sai wanda aka yi a kan yarjejeniyar Janiba ta 1949, kuma Najeriya na ciki, Nijar da Gana ma haka. Wasu mata da miji nasu 1968 aka rubuta, suka yi magiya suka nuna hotuna a waya suna tuƙi a ƙasarsu, yarinyar nan tana ta ba su haƙuri tana sunkuyawa amma ba ta motsa daga inda take ba. Matar har ta yi hawaye. Na tausaya musu sosai, kuma a raina na san da a wani wurin ne da an ce a ɗan duba a yi yadda za a yi, nan kuwa ko alamar wannan ƙofar babu. Wani Bajamushe shi ba irin namu ya kawo ba, lasin ƙasarsa ne da fassararsa cikin Japananci, su haka dokar ta ce musu. Lokacin da ta miƙo min nawa tace to, sai da naji wani sanyi a ƙirji.

Aka nuna mana kayan dabbobin a rataye. Ni dai nace a bar ni da rigar sanyina, aka ba ni gilashin kare ido da safar hannu. Hular kwano ba dole ba ce a dokarsu ga irin wannan motar, amma da na tambaya akwai, na karɓa na sa, ni kaɗai a cikinmu. Jagoranmu wani saurayi ne siriri mai ɗan gemu, da wani abokin aikinsa da zai tsaya a bayanmu. Ya yi mana bayani kusan minti ashirin, ƙafar dama totur ƙafar hagu birki, kada a taka su tare, ba giya sai gaba da baya, a ɗaura bel, ba a taɓa waya in ana tafiya ko a danja, shi zai ɗauki hoto. In ya ɗaga yatsa ɗaya layi ɗaya, in ya ɗaga biyu a jeru bibbiyu. Ba tsere ba wuce juna. Ya nuna mana alamar tsayawa tasu, jan alwatika ne mai kallon ƙasa ba irin tamu ba. Sannan ya sassauta murya yace don Allah a cikin lungun nan kada wanda ya taka totur da ƙarfi, mutane na barci.

Na zauna. Jama'a, zama a gokat kamar zama ne a kan tabarma a tsakiyar titi. Ƙafafuna a miƙe, sitiyarin ɗan ƙarami a tsakanin gwiwoyi, injin a bayan kunnena yana karkarwa har cikin haƙora, warin fetur da baƙin mai irin na tsohon babur. Ni ne na biyar a layi, gabana wata mata 'yar Ostireliya da kayan zomo.

Muna fitowa daga lungun na ga abin da ya sa Yaya ba ya so. Wata tsohuwa tana share ƙofar gidanta, ganyaye take tarawa, da muka zo wucewa ta tsaya ta dafa tsintsiyar ta kawar da kai gefe, ba ta ce komai ba, ba ta harare mu ba, amma fuskar nan na san ta, irin fuskar da Umma ke yi ce in 'yan rakiyar ango suka shigo layinmu da babura suna ta da ƙura bayan isha. Mu bakwai da jagora biyu, inji tara, ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi. Kunya ta kama ni. Daga baya Yaya ya gaya min mazauna unguwanni da yawa suna kai ƙorafi kan ƙara da kuma baƙin da ke ɗaukar hoto suna tuƙi, yace surukarsa in ta gansu har tsaki take yi. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Garinsu ne, mu mun zo mu yi sati biyu mu tafi.

Kwanar farko da muka hau babban titi maganar Baba ta cika. Jagora ya karya dama, na gabana suka bi shi suka tsallaka can ɗaya ɓangaren suka kama hagu, ni kuwa hannuna da kansa ya nemi ya yanke kwanar ya shige layin da ke kusa, wato layin masu tahowa. Ban kai ga shiga ba na bayanmu ya daka min tsawa, na murɗe sitiyari na koma. Titin ba kowa a lokacin, Allah ya rufa asiri. Daga nan har muka gama bakina bai daina ba, hagu, hagu, hagu.

Sai gari ya buɗe. Rana ta fito ba daɗewa, tana dukan gilasan dogayen benaye, titi a wanke, layukan fenti fari tas kamar jiya aka ja su. Daga ƙasa komai girmansa ninki biyu yake. Tasi ta tsaya kusa da ni a danja, direban da farar safar hannu, sai na ɗaga kai nake ganinsa. Danjarsu a kwance take ba a tsaye ba, koren kuma ya fi kama da shuɗi. Wurin tsallakar masu ƙafa yana kukan tsuntsu saboda makafi. Abin da na fi lura da shi a matsayina na wanda ya saba da Kano shi ne mun tsaya a wata mahaɗa, ba mota ko ɗaya ta kowane ɓangare, ba ɗan sanda ba kowa, ga wani dattijo a kan keke shi ma ya tsaya, muka jira jan nan har ya gama lokacinsa. Kuma awa biyu da muka yi a titi ban ji hon ko sau ɗaya ba. Na kasa kunne musamman don in ji. Babu.

Daga nan muka nufi gadar da suke kira Renbo, wato Bakan Gizo, wadda ta haɗa cikin gari da tsibirin Odaiba. An buɗe ta a 1993, tsawonta mita 798, hawa biyu ce, sama babbar hanyar kuɗi ƙasa kuma hanyar kowa da kowa da layin wani jirgi mara direba a tsakiya. Kafin ka hau ta sai ka yi wani babban zagaye kamar shataletale mai hawa sama, kana juyawa kana ɗagawa har ka kai wajen mita 50 a saman ruwa. Jagora ya riga ya gargaɗe mu cewa a nan ba tsayawa, a riƙe totur kada a bar tazara.

A tsakiyar zagayen nan matar da ke gabana ta tsorata. Iska ce ke bugowa daga teku, gokat ɗin na rawa, duk inda aka haɗa ƙarfen gada in ka taka sai kaji shi a ƙashin baya, sai kawai naga tana rage gudu, tana ragewa, na gaba sun yi nisa. Dole na taka birki, na bayana ma haka. A dokar da aka ba mu ba zan wuce ta ba. Na kalli madubi. Bayan abokin jagora akwai wata babbar mota fara mai ɗaukar kaya, a madubin ba na ganin gilashinta ma sai bamba da fitilu.

Sai na faɗa muku wani abu kafin ku gane halin da na shiga. Yayana da nake bi, shekara tara kenan, a hanyar Kano zuwa Zariya ya rasu, yana kan babur babbar mota ta taho ta bayansa. Ni na je na gano shi. Tun daga ranar in ina tuƙi naga babbar mota ta cika min madubi sai tafin hannuna ya jiƙe, ko a cikin mota mai rufi nake. Yau ga ni a zaune a ƙasa, ba ƙofa ba rufi, kaina bai kai tsayin tayarta ba, a kan gada, gudunmu ya sauko ƙasa da talatin. Na fara salati da ƙarfi cikin hular kwano. Jira nake inji hon ɗin nan mai tsaga kunne, ko inji iskar birkinta a wuyana, ko ta fito ta gefe ta matse mu da shinge.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Na sake kallon madubi sai naga ta ja baya, yanzu ina ganin gilashinta gaba ɗaya. Ta rage gudu daidai da namu ta bar fili tsakaninta da na ƙarshenmu wanda mota uku za su shiga, kuma haka ta riƙe wannan tazarar, ba ta matso ba ba ta ƙyafta fitila ba, tun daga zagayen har muka ƙare gadar. Jirgin nan mara direba ya zo ya wuce mu ta dama, ta cikin shinge ina hango ruwa da jiragen ruwa da benayen gari a baya, matar ta dawo hayyacinta ta ƙara wuta, muka gangara Odaiba. A danjar farko babbar motar ta tsaya a layin gefenmu. Na ɗaga kai sama sosai. Wani mutum ne mai furfura da tawul ɗaure a goshi, hannu biyu a sitiyari. Na ɗaga masa hannu na sunkuyar da kai yadda naga suna yi, shi ma ya ɗan sunkuyar, kore ya kawo ya tafi. Abokin jagora ya kunna masa fitilun gefe biyu sau biyu, ashe haka suke cewa an gode a titi.

A Odaiba aka tsaya hutu minti goma sha biyar. Sauran suka tafi ɗaukar hoto da gadar, ni na samu benci na zauna don ƙafafuna rawa suke. Matar ta zo tana ba ni haƙuri tace ta tsayar da ni, nace ba komai wallahi, ban iya yi mata bayanin sauran ba. Jagoran ya kawo min shayi mai zafi a gora daga injin, ya tambaye ni daga ina, nace Najeriya, Kano, yace bai taɓa ɗaukar ɗan Najeriya ba sai ni. Ya tambaya ko a garinmu za a iya irin wannan, na buɗe baki zan ba shi amsa sai na tuna mahaɗar Ƙofar Ruwa da yamma, a daidaita sahu ta ko'ina da tifa da masu baro, nace masa sai dai in an rufe titin.

Dawowa ta gadar ba ta ba ni tsoro kamar zuwa ba, har na samu damar kallo. Muka bi ta gindin hasumiyar Tokiyo, ja da fari, mita 333, tun 1958 take tsaye, in kana ƙasa a gokat sai ka kwantar da kai baya gaba ɗaya kafin ka ga ƙarshenta. Nan jagora ya jera mu bibbiyu a danja ya diro da gudu ya ɗauki hoton da kuka gani ya koma kafin kore. Muka ratsa Roppongi, unguwar gidajen rawa, da safe duk a rufe sai manyan hankaki baƙaƙe wul suna jan ledojin shara. Masu cewa ba a ganin datti a Tokiyo ba su fito da sassafen Lahadi ba, na ga gwangwanaye da kwalabe a bakin titi, na kuma ga mutane da safar hannu da ɗan maƙata suna tsincewa, wasunsu ba ma'aikata ba ne don da kayan gida suke.

Ƙarshen zagayen Shibuya ne, mahaɗar nan da ake nunawa a talabijin inda ake tsayar da motoci ta ko'ina mutane su tsallaka ta kowace kusurwa. Mun iso wajen tara saura, mutane sun fara fitowa amma ba irin tururuwar da ake gani da yamma ba. Muna sahun gaba aka tsayar da mu, sai ga mutane sun zubo ta gabanmu ta gefenmu, ni ina kallon gwiwoyinsu da takalmansu. Baƙi irinmu suna ɗaga mana hannu suna ɗauka a waya, wani yaro ƙarami ya ja hannun babansa yana nuna ni, na ɗaga masa hannu. 'Yan gari kuwa yawancinsu ko kallo ba mu ishe su ba, wucewa kawai suke. Na ji daɗin wurin, ba zan ɓoye ba, amma tsohuwar nan mai tsintsiya tana raina, da muka koma lungun na saki totur tun daga bakin layi na bar ta ta gangara da kanta. Ƙofar gidan a share, ita ba ta nan.

Na sauka bayana ya ƙage, fuskata duk baƙin hayaƙi inda gilashi bai rufe ba, rigata tana warin fetur har Yashiyo. Aka tura mana hotuna a waya ba ƙarin kuɗi. Duka-duka da kuɗin jirgi da abin da na ci na kashe kusan yen 17,500. Alhaji ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon hoton yana buɗe shi da yatsa, abin da yace kawai shi ne wannan injin ai na babur ne, nawa suke sayar da shi in ya tsufa.

Ranar Laraba muka rufe kwantena, Juma'a muka yi sallah a babban masallacin Tokiyo da Turkawa suka gina a Yoyogi, Asabar muka taso.

Washegarin isowata da daddare na shiga wajen Baba. Na kai masa agogo da wani man zafi, ya ajiye su gefe yace ba ni labarin titi. Na gaya masa kwanar da hannuna ya so ya ci amanata, ya yi dariya har da tari yace ai na gaya maka. Sannan na ba shi labarin gadar. Ban ambaci sunan yayana ba, shi ma bai ambata ba, amma ya daina dariyar. Yace tazarar nawa ya bar muku? Na tashi na taka masa daga bakin ƙofar ɗakinsa, na ratsa tsakar gida har zaure, na ɗaga murya daga can nace kamar nan Baba. Ya yi shiru. Da na dawo na zauna yace da kaya a motar ko babu, nace da alama da kaya don a zaune take sosai. Yace a hawa, da lodi, a bayan abin da bai kai talatin ba. Ya ɗaga hannun dama yana jan giyar da ba ta nan, yace to tun daga ƙasa ya gan ku ya sauko ta biyu kenan, tun kafin ita matar ta tsorata.